Wurin renon yara a ma'aikata: wa zai ɗauki nauyi, wa zai ci moriya?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fatan masu ilimi da masu gogewa a cikinmu za su taimaka. Shekara tara na yi ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, kuma a haihuwata ta biyu na ajiye aikin, ba don na gaji da shi ba, sai don ranar da hutun haihuwa ya ƙare ban sami hannun da zan danƙa wa jaririya 'yar wata uku hankalina ya kwanta ba. Mu huɗu ne muka bar wurin cikin shekara biyu, kuma dalilinmu ɗaya. Kullum ana faɗa mana cewa ƙasa ba ta bunƙasa matuƙar rabin al'ummarta na zaune, amma ban cika jin ana tambayar inda uwa za ta ajiye goyonta daga safe zuwa yamma ba. Shin ya kamata doka ta tilasta wa kowace babbar ma'aikata ta buɗe wurin renon yara? In kuma an yi hakan, da gaske zai ƙara yawan mata a harkar tattalin arziki, ko kuwa ado ne kawai da kamfanoni za su riƙa tallata kansu da shi?

Malam_Sadau:
Wa alaikumus salam Malama. Abin da ya same ki ba naki ba ne ke kaɗai. A rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 kan aikin kula da iyali, an ƙiyasta cewa mata miliyan 606 masu shekarun aiki ba sa cikin masu neman aiki saboda ɗawainiyar gida da reno, alhali maza masu irin wannan dalili miliyan 41 ne kacal. Rahoton ya kuma nuna cewa fiye da kashi 76 cikin ɗari na aikin kulawa da ba a biyan kuɗi a kansa mata ne ke yin sa. Claudia Goldin, wadda ta sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki yawancin tazarar da ke tsakanin albashin mace da namiji tana buɗewa ne bayan haihuwar fari, domin kafin nan kusan tafiya suke yi kafaɗa da kafaɗa. Ko a Denmak, inda ake yabon tsarin kula da iyali, an gano cewa kuɗin shigar mace yana raguwa da kimanin kashi 20 cikin ɗari na tsawon shekaru bayan haihuwar fari, na miji kuwa ko gezau. Asarar ba ta tsaya kan albashin wata ba, ta haɗa da ƙarin girma da aka rasa, da fanshon da ya tsuke, da harajin da gwamnati ba ta karɓa ba, da kuɗin da aka kashe wajen ilimantar da ma'aikaciyar.

Nas_Zulai:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan yi magana kan abin da alƙaluma ba sa nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, kuma mu ne muke tsayawa gaban iyaye mata muna karantar da su haka. To amma ni da bakina nake faɗa, ɗana na fari bai samu ba, domin na koma aiki yana da wata uku, ina yin dutin dare, kuma babu ko ɗaki mai tsabta da zan zauna in tatsa in adana. Daga baya na koma wani asibiti da ke da ɗakin reno a cikin harabarsa, tafiyar minti biyar daga inda nake aiki. Bambancin ba ya misaltuwa. Ina fita sau biyu in shayar in dawo, kuma a wannan shekarar ban taɓa neman izinin fashi saboda yaro ba. Sai dai ɗakin yana rufewa ƙarfe shida na yamma, kamar an manta cewa asibiti ba ya barci.

Alhaji_MaiMasana'anta:
Na karanta bayanan ku cikin natsuwa, kuma ina tausaya wa Malama Maman_Hanifa, amma a bar mai biyan albashi shi ma ya faɗi nasa. Ina da ma'aikata sittin da 'yan kai, kusan rabinsu mata. Renon jarirai ba ɗaki da tabarma ba ne. A Ingila ƙa'ida ita ce mai reno ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu, wato in kana da jarirai goma sha biyu sai ka ɗauki mutum huɗu, ban da mai shara da mai duba lafiya, ban da alhakin da zai hau kanka in wani abu ya sami ɗan mutane. Ni sana'ata ƙere-ƙere ce, wurin aikina akwai ƙara da ƙura da injuna, kuma ban san komai game da reno ba. In doka ta ce dole, babban kamfani zai iya, irina kuwa zai fara lissafin yadda zai kauce. Ba ina yabon hakan ba ne, ina faɗin abin da na san zai faru.

Lauya_Rakiya:
Alhaji ya faɗi gaskiya mai ɗaci, kuma an riga an ga hakan a aikace. A ƙasar Chile dokar ƙwadago ta wajabta wa duk kamfanin da ke da mata 20 ko fiye ya samar da wurin reno ga 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara biyu, ko ya biya kuɗinsa. Niyyar mai kyau ce, amma da yake an ɗaura sharaɗin a kan adadin mata, sai mace ta ashirin ta zama mai tsada ƙwarai a idon mai kamfani, kuma masu bincike sun gano cewa matan da aka ɗauka a irin waɗannan kamfanoni suna farawa da albashi ƙasa da na takwarorinsu. Wato kuɗin renon daga aljihun matan ya fito ta bayan gida, har da waɗanda ba su da yara. Garin neman gira an rasa ido. Jodan ta taɓa samun irin wannan doka mai ƙidayar mata 20, amma a 2019 aka gyara ta, aka koma ƙidayar yara: in ma'aikatan wuri, maza ne ko mata, suna da 'ya'ya 15 'yan ƙasa da shekara biyar, to wajibin ya hau kan ma'aikatar. Indiya kuma a gyaran dokarta na 2017 ta ce duk wurin da ke da ma'aikata 50, ba tare da duba jinsi ba, ya samar da wurin reno, a kuma bar uwa ta ziyarci ɗanta sau huɗu a rana, sannan aka ƙara hutun haihuwa daga mako 12 zuwa 26. Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce, kalmar da aka rubuta a dokar tana iya mayar da taimako ya zama cutarwa.

Akanta_Garba:
Ina da ƙarin bayani kan Indiya, Barista. Albashin waɗannan makonni 26 galibi mai kamfani ne ke biya shi kaɗai, kuma wannan shi ne abin da yarjejeniyar kare masu jego ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 183 ta shekarar 2000, ta yi ƙoƙarin kaucewa. Yarjejeniyar ta tanadi hutun aƙalla mako 14, amma ta ce kuɗin ya fito daga inshorar jama'a ko baitulmali, don kada ɗaukar mace aiki ya zama abin tsoro. Ina ganin hikimar nan ta shafi wurin reno ma.

Lauya_Rakiya:
Haka ne Malam Garba, na gode da cikon.

Talatu_MaiƊinki:
Ku gafarce ni, ni ba mai zurfin karatu ba ce kamar ku, amma tun ɗazu ina jin ana cewa ma'aikata, ma'aikata, sai nake tambayar kaina ina tawa ma'aikatar take. Ni tela ce, ina da yara mata uku masu koyon aiki, kuma babu wanda ke ba ni hutun haihuwa, ranar da ban taka keke ba ranar babu kuɗin shiga. Na yi ɗinki da goyo a bayana, na yi da yaro mai rarrafe yana wawurar allura da almakashi. Haka mai sayar da kaya a kasuwa, haka mai aikin gona, haka mai aikatau a gidan wasu, wadda ma ita ce ke rainon 'ya'yan ma'aikatan ofis ta bar nata a hannun babbar 'yarta. In aka yi dokar da ta tsaya kan kamfani mai mutum hamsin, mu da muka fi yawa ba ta san da zamanmu ba.

Malam_Sadau:
Hajiya Talatu, maganarki ta fi duk alƙaluman da na kawo nauyi, kuma alƙaluman ma suna bayanki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan biyu, fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna cin abinci ne a sana'o'in da ba su da rajista ko kwantiragi, a Afirka kuwa adadin ya haura kashi 85. Bankin Duniya kuma a 2021 ya ce yara kimanin miliyan 350 waɗanda ba su isa shiga firamare ba suna buƙatar wurin reno amma ba su da shi. To amma an gwada wasu hanyoyi. A Delhi tun 1969 wata ƙungiya mai suna Mobile Creches ta fara kafa wuraren reno a filayen gine-gine, domin 'ya'yan leburori mata da ke wasa cikin yashi da siminti, in ginin ya ƙare wurin renon ya tashi ya bi ma'aikatan. Ƙungiyar SEWA ta mata masu sana'ar kansu, wadda Ela Bhatt ta kafa a birnin Ahmedabad na Indiya a 1972, ta shirya wuraren reno a tsarin gama-kai, matan ne da kansu ke gudanarwa. A Burkina Faso an yi irin wannan reno mai tafiya ga matan da ke aikin ƙwadago na gwamnati. A unguwar Korogocho ta Nairobi kuma an yi gwaji, aka ba wasu iyaye mata takardar biyan kuɗin reno na shekara guda, sai aka ga yawan masu aiki a cikinsu ya zarce na waɗanda ba a ba su ba da kimanin maki 8.5 cikin ɗari. Batun babbar 'ya da kika taɓo ma an auna shi: a lardin Gaza na Mozambik, da aka buɗe makarantun share fage a ƙauyuka, yayyen yaran sun ƙara zuwa makaranta, saboda an sauke musu goyo.

Dattijo_58:
'Ya'yana, ku ba ni dama in saɓa muku kaɗan. Tun farkon zancen nan ana auna mace da abin da take kawowa na kuɗi, kamar wadda ta zauna tana tarbiyyar 'ya'yanta ba ta cikin masu gina ƙasa. Matata ta raini yara bakwai, a cikinsu akwai likita da malamai biyu, kuma babu littafin gwamnati da ya rubuta mata ko sisi. Ina kuma da shakku kan miƙa jariri ɗan wata huɗu ga baƙuwar da ke kallon agogo. Yaro ba kaya ba ne da za a ajiye a ɗauka. Kafin mu yi murnar an ƙara yawan ma'aikata, a tambayi abin da yaran suka samu da abin da suka rasa.

Maman_Hanifa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka wa Mama da alheri. Babu mai raina aikinta, kuma ni kaina yanzu shi nake yi. Bambancin kawai shi ne, wata ta zaɓa, wata kuma an rufe mata ƙofa ne aka ce ta zaɓa.

Malam_Sadau:
Baba yana da hujja a wurare biyu. Na farko, ma'aunin arzikin ƙasa ba ya ƙidaya aikin gida, har masana na yin barkwanci cewa in mutum ya auri mai yi masa aikin gida arzikin ƙasa ya ragu, domin aikin bai canza ba amma an daina biya. Wancan rahoto na 2018 kan aikin kula da iyali ya ƙiyasta cewa da za a biya aikin kulawa da mafi ƙarancin albashi, da ya kai kashi 9 cikin ɗari na arzikin duniya. Na biyu, batun yaran. Lardin Kebek na Kanada ya fara reno mai rahusa a 1997, dala biyar a rana, kuma iyaye mata sun shiga aiki sosai, har wasu masana suka ƙiyasta ƙarin mata kimanin 70,000 a 2008, suka ce harajin da aka samu ya rufe kuɗin da aka kashe. Amma wasu masanan da suka bibiyi yaran sun ga ƙarin damuwa da saurin fushi a tsakaninsu, kuma da yawa sun danganta hakan da faɗaɗa shirin cikin gaggawa kafin a sami isassun ƙwararrun masu reno. Har yau ana muhawara a kai. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, wurin reno mara inganci bashi ne ake ci da sunan yaro.

Anti_MaiReno:
Tunda an zo kanmu, bari in sa baki. Shekara goma sha ɗaya ina aikin reno, kuma na taɓa riƙe jarirai tara ni kaɗai a wani wuri saboda mai wurin ba ya son ƙara ma'aikata. Babu yadda za a yi mutum ɗaya ya ba tara abinci, ya sauya musu ƙunzugu, ya kuma yi musu magana da wasa kamar yadda ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata. Albashinmu na ƙasa-ƙasa ne, shi ya sa duk wadda ta sami wani aiki sai ta tafi, yaro ya saba da fuska yau gobe ya ga wata. Baba ya ce muna kallon agogo, to wasunmu muna kallonsa ne saboda namu 'ya'yan na jira a gida. In ana so a ƙidaya ayyukan da reno zai samar wa mata, a ƙidaya mu a matsayin ma'aikata masu horo da albashin kirki.

Baban_Amir:
Wani abu ya tsaya mini a rai. Muna ta cewa wurin reno na mata ne, alhali kowane yaro yana da uba, kuma uban ma yana da wurin aiki. Ni ne ke kai ɗanmu wurin reno kowace safiya domin hanyata ce, amma ranar da na nemi tashi da wuri saboda zazzaɓinsa, sai shugabana ya tambaye ni ina uwarsa. Suwidin tun 1974 ta mayar da hutun haihuwa na iyaye biyu, yanzu kwana 480 ne, kuma an keɓe wa kowannensu kwana 90 da ba ya iya bai wa ɗayan. Japan kuwa doka ta ba uba damar hutu mai tsawo, amma a 2019 waɗanda suka ɗauka ba su kai kashi 8 cikin ɗari ba, saboda tsoron idon shugabanni. Gyaran da Barista ta ce Jodan ta yi ya burge ni saboda wannan dalili, domin ya amince cewa ɗan ma'aikaci namiji ma ɗa ne.

Injiniya_Binta:
Ina so in mayar da mu kan tambayar Maman_Hanifa da wani ɗan tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da maza suka tafi fagen daga, Amurka ta buƙaci mata a masana'antu, nan da nan aka sami kuɗin reno daga gwamnatin tarayya. Kamfanin Kaiser mai ƙera jiragen ruwa a Portland ya buɗe manyan cibiyoyin reno biyu a bakin ƙofar wurin aiki a 1943, suna aiki dare da rana, da ƙwararrun malamai da ma'aikatan jinya, har uwa tana iya sayen dafaffen abinci ta tafi da shi gida in ta tashi. Yaƙi na ƙarewa aka rufe su, tallafin gwamnati ma ya tsaya a 1946. Darasin da nake gani a nan shi ne, ranar da ƙasa ta yarda tana buƙatar hannun mata, matsalar da Nas_Zulai ta kawo ta rufewa ƙarfe shida ma ana warware ta. Amma akwai wani gefen kuma: renon da ke rataye a wuyan ma'aikata yana tafiya ne tare da aikin. In an sallame ki, ɗanki ma an sallame shi, in kuma shugaba yana cutar da ke sai ki haƙura saboda yaro. Shi ya sa na fi karkata ga irin na Jamus, inda tun 2013 kowane yaro da ya cika shekara ɗaya yake da haƙƙin samun gurbin reno a doka, ko ina iyayensa suke aiki.

Nas_Zulai:
Injiniya, na yarda da ke ga yaron da aka yaye ko ya fara tafiya. Amma ga mai shan nono, kusanci shi ne komai. Wurin reno a unguwa ba zai amfane ni ba in tsakanina da shi tafiyar sa'a guda ce.

Alhaji_MaiMasana'anta:
Na dawo bayan na karanta komai. In za a bar mu mu haɗu, mu masana'antu biyar ko shida da ke layi ɗaya, mu ɗauki ƙwararru su gudanar da wuri guda nesa da injuna, gwamnati ta rage mana haraji gwargwadon abin da muka kashe, ta kuma turo masu duba inganci, to ni zan sa hannu. Na yi lissafi a daren jiya: a shekara uku na rasa mata bakwai da na horar, kowace sai da ta yi watanni kafin hannunta ya faɗa, kuma ban taɓa rubuta wannan a matsayin asara ba. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne a ɗora mini nauyin ni kaɗai, alhali harajin albashinsu ba aljihuna yake shiga ba.

Talatu_MaiƊinki:
To Alhaji, in kun buɗe, za ku karɓi 'ya'yan masu sayar wa ma'aikatanku abinci a bakin ƙofa, da na irina da ke layin bayanku?

Alhaji_MaiMasana'anta:
Hajiya, wannan sai na tambayi sauran, domin in gurbi talatin ne kuma 'ya'yan ma'aikatanmu sun kai arba'in, ban san wanda za a ce ya koma gida ba.

Maman_Hanifa:
Na gode muku duka. Na shigo ina ganin amsar ita ce a yi doka a tilasta, yanzu kuma labarin Chile ya sa na ja baya, ko da yake maganar Nas_Zulai ta hana ni sakin ra'ayin gaba ɗaya. Hanifa ta kusa shekara uku, ina shirin komawa neman aiki, kuma na san tambayar farko da za a yi mini ita ce me na yi a shekarun nan da babu komai a takardata. Barista, a cikin ƙasashen da kika ambata, akwai wadda dokarta ta ce wani abu game da mai dawowa bayan dogon rashi irin nawa?